Jerin kalmomi da shiri mai layi ashirin: za su iya karanta min sharhi 40,000?

"Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, ina rubuta kundin digiri na biyu a kan yadda mutane ke maganar rigakafin yara a soshiyal midiya. Na tattara sharhi wajen 40,000 daga ƙarƙashin bidiyoyi da sanarwoyin wayar da kai, yawancinsu da Hausa, wasu gauraye da Turanci. Wani abokin karatuna ya ce ba sai na wahalar da kaina ba, in rubuta jerin kalmomin goyon baya da na adawa, shi kuma ya rubuta min ɗan shirin kwamfuta da harshen Python mai layi ashirin ya ƙirga min. Shin wannan hanya tana da inganci har malamai su karɓa, ko yaudarar kaina zan yi?"

Wa alaikumus salam. Malama, tambaya biyu kika dunƙule wuri guda, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko ita ce ko shirin zai iya zaƙulo miki sharhin da ke maganar wani abu, misali illar allura ko jita-jitar haihuwa. Wannan zai iya, idan an yi masa gyaran da zan bayyana. Ta biyu ita ce ko zai iya gaya miki bayan wa mai sharhin yake, masu rigakafin ko masu ƙinsa. A nan jerin kalmomi shi kaɗai zai ba ki kunya. Abokinki bai yi ƙarya ba game da layi ashirin, shirin da gaske gajere ne. Wahalar tana wajen jerin da za a ɗora masa da kuma gwada sakamakonsa, kuma wannan ɓangaren naki ne.

Hanyar kanta tsohuwa ce, malamai sun san ta. Tun shekarun 1960 Philip Stone da abokan aikinsa a jami'ar Harvard suka gina General Inquirer, wanda ke ƙirga kalmomin rubutu bisa rukunonin da aka ware. Daga baya James Pennebaker ya zo da LIWC, da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna amfani da shi. A 2014 aka fitar da VADER musamman saboda gajerun saƙonnin soshiyal midiya, da kalmomi da alamomi kimanin 7,500, kowace da makinta daga -4 zuwa +4. Duk waɗannan da Turanci aka fara su, kuma mutane da yawa ne suka zauna suka tantance kalmomin kafin a yarda da su. Don haka mai jarrabawa ba zai ƙi aikinki saboda kin yi amfani da jerin kalmomi ba. Abin da zai tambaye ki shi ne, ta yaya kika san jerin naki yana kama abin da kika ce yana kamawa?

Shirin harufa yake gani

Kwamfuta ba ta san ma'anar "so" ba. Abin da ta sani shi ne harafin s na biye da o. Idan abokinki ya rubuta shirin ta hanya mafi sauƙi, wato a duba ko "so" na cikin sharhi, za ta kamo "sosai", ta kamo "soja", ta kamo har da "tsoro". Ki duba abin takaici: uwar da ta rubuta "ina tsoron allurar nan" za ta faɗa cikin masu son rigakafi. Wannan kuskure yana da tarihi har da suna. A 1996 matatar kalmomin batsa ta kamfanin AOL ta hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila buɗe asusu, domin a tsakiyar sunan garin akwai harufa huɗu da suka yi daidai da wata ashariyar Turanci. Maganinsa mai sauƙi ne: a umarci shirin ya nemi kalma cikakkiya. A Python ana sa alamar \b gaba da bayan kalmar a cikin ƙa'idar laluben da masu harkar ke kira rejeks.

To amma da an toshe wannan ƙofa sai wata ta buɗe. Alamar nan da muke sawa a 'yan, 'ya'ya, jama'a da ma'aikata, Python na ɗaukar ta ƙarshen kalma, sai "jama'a" ta rabu gida biyu. Ga shi kuma wayoyi ba iri ɗaya suke buga ta ba, wata miƙaƙƙiya, wata lanƙwasasshiya, a ido kamar ɗaya, a wurin kwamfuta harufa ne daban. Wasu ma ba sa sa ta sam, su rubuta "yaya" suna nufin 'ya'ya. Dole tun farko a mayar da su duka siga ɗaya.

Sai harufa masu ƙugiya. Mafi yawan masu sharhi ba sa buga ƙ, ɗ da ɓ. Kalma ɗaya za ki gan ta "ƙarya", "karya", "qarya". Ni abin da nake yi, ina ajiye ainihin rubutun a shafi guda ba na taɓa shi, sannan in buɗe shafi na biyu inda aka mayar da komai ƙananan harufa marasa ƙugiya, a kansa shirin ke lalube. Wannan yana da farashinsa, gara ki san shi: "baki" da "baƙi" sun zama ɗaya, "fada" da "faɗa" sun zama ɗaya, "ƙarya ce" ta haɗu da "yana karya garkuwar jiki". Na fi son in kamo su duka in tace da ido, a kan in rasa mafi yawan sharhin saboda mutane ba su sa ƙugiya ba.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan mataki ita ce, kada ki zauna ki ƙirƙiro jerin daga kanki. Hausar da ke kanki ta makaranta ce, ta masu sharhi kuwa ta babban yatsa ce a kan waya. Ki sa abokinki ya fitar miki da kalmomi 1,000 da suka fi yawan maimaituwa a cikin sharhin, da kuma tagwayen kalmomi da ke yawan zuwa tare, ki karanta su daga farko har ƙarshe. A nan za ki ci karo da "gsky", "wlh", "bbu", "xan" a madadin "zan", "nagode" a haɗe, "sosaiiii" da aka ja wa wutsiya. Za ki ga cewa "allura" ba ta wadatar ba sai da "allurar", "allurai", "alluran", kuma "magani" ba zai taɓa kamo "magunguna" ba, domin jam'inmu ba ɗafa harafi a ƙarshe ba ne kawai. Za ki ga sunayen da mutane suka laƙaba wa abin da ba za su taɓa zo miki a rai ba. Yini guda a wannan karatun ya fi mako guda na gyaran shiri amfani.

Inda jerin goyon baya da adawa ke karyewa

Bari in ba ki misali da ya taɓa faruwa da ni. Na taɓa tattara saƙonni da kalmar "rigakafi", na zana jadawalin yawansu mako-mako, sai na ga wani mako ya yi tsalle. Har na fara tunanin wane labarin lafiya ne ya fito a makon. Da na buɗe saƙonnin na karanta, ashe muhawara ce ake yi a kan tsaro, kowa na jefa karin maganar nan, rigakafi ya fi magani. Ko ɗaya ba ya maganar allura. Abin lura, ke a wurinki wannan karin magana ba shara ba ce. Wanda ya rubuta ta a ƙarƙashin bidiyon rigakafin yara, kusan tabbas goyon baya yake nunawa. Jimla ɗaya, a tarin bayanai na farko ta ɓata lissafi, a na biyu ta zama hujja. Shi ya sa ba a aron jerin wani a ɗora kai tsaye.

Babbar matsalar ita ce korewa. A ce kin sa "illa" cikin jerin adawa. Wani ya rubuta "ba shi da wata illa, na kai yarana duka". Shirin zai ƙirga shi ɗan adawa. Wani kuma ya rubuta "ba komai ba ne illa taimako", inda "illa" take nufin "sai dai". A ce kin sa "amfani" cikin jerin goyon baya, sai ga "ban ga amfaninsa ba". Masu Turanci suna da dabarar juya makin kalma idan kalmar korewa ta zo dab da ita, VADER ma yana yin haka. Tamu korewar ta fi wuyar kamawa, domin sau da yawa rungumar jimlar take, "ba" a farko "ba" a ƙarshe, tsakaninsu kalma goma. Tana kuma zuwa a "ban", "bai", "babu", "kada", "kar". Ga kuma "ba" ta bayarwa a "a ba yara", da "ba" ta neman amincewa a "ai kun gani ba". Ana iya rubuta ƙa'idojin da za su rage ɓarnar, na sha yi, amma kowace ƙa'ida kika ƙara tana gyara jimla goma ta lalata uku.

Sai mai ƙaryata jita-jita, wanda dole ya ambaci jita-jitar kafin ya rushe ta. "Masu cewa yana hana haihuwa su ji tsoron Allah" tana ɗauke da "hana haihuwa" daidai da saƙon mai yaɗa maganar. Sai gatse. "Sannunku da ƙoƙari" na iya zama godiya, na iya zama baƙar magana, ko ke mai karantawa sai kin duba abin da ya gabata. "Allah ya saka da alheri" addu'a ce, "Allah ya saka mana" kuwa kai ƙara ne, kalma uku na farko iri ɗaya. Babu jerin da zai raba waɗannan sai an sa jimlar gaba ɗaya, jimlolin kuwa ba su da iyaka.

Akwai kuma ruɗanin da na ga ya kayar da ɗalibai da dama, wato haɗa yanayin zuciya da matsaya. Uban da ya rubuta "abin baƙin ciki, mun jira tun safe ba a zo yi wa yara ba" ransa a ɓace yake, kalmominsa duk na ɓacin rai ne, amma yana cikin masu son rigakafin fiye da kowa. Bincikenki a kan matsaya yake. Jerin kalmomin daɗi da na ɓacin rai wani abu daban yake aunawa.

Yadda ake gwada jerin

Kafin a kunna shirin, ki sa a zaɓo miki sharhi 400 ta hanyar ƙuri'a daga cikin 40,000 ɗin. Ƙuri'ar kwamfuta nake nufi, ba 400 na saman fayil ba, domin na sama yawanci daga bidiyo ɗaya ne ko rana ɗaya. Adadin ba na kai ba ne: samfurin ƙuri'a na kusan 385 yana ba da kuskuren da bai wuce maki 5 cikin 100 sama ko ƙasa ba, a matakin amincewa na kashi 95. Ki rubuta ƙa'idar rarrabewa a takarda, me ake kira goyon baya, me ake kira adawa, me ake kira tambaya ko shakka, me ba ya cikin batun ma. Sannan ke da wani ku rarraba su da hannu, kowa shi kaɗai, ku kwatanta. Akwai ma'aunin daidaituwar mutum biyu da Jacob Cohen ya kawo a 1960, ana kiransa kappa, malamai za su so ganinsa. Idan ku biyu masu jin Hausa kun kasa daidaitawa a kan wani rukuni, kada ki sa ran shiri zai iya. Rukunin ne ke bukatar gyara.

Daga nan sai a auna shirin ta fuska biyu. Ta farko ingancin kamu: cikin abin da ya kamo, nawa ne daidai? Ta biyu faɗin kamu: cikin abin da ya kamata ya kamo, nawa ya samu? Mu ƙaddara kin gano da hannu cewa sharhi 80 cikin 400 na maganar illar allura. Shirin ya kamo 100, amma 60 ne kawai na gaske a ciki. Ingancinsa 60 cikin 100 ke nan, faɗinsa kuwa 60 cikin 80, wato kashi 75. Ki lura jimillar da ya bayar, 100, ba ta yi nisa da 80 ba, har mutum ya ce ai ya yi ƙoƙari, alhali 40 na bogi ne kuma ya bar 20 a baya. Waɗannan ma'aunai biyu kamar sikeli suke, in kin faɗaɗa jerin faɗi ya hau inganci ya sauka. Wanda za ki fifita ya danganta da abin da za ki yi da sakamakon. Idan za ki karanta abin da aka kamo da idonki, ki faɗaɗa. Idan adadin za ki kai rahoto kai tsaye, ki matse.

Kada ki gyara jerin da sharhi 400 ɗin nan sannan ki auna shi da su, wannan ba wa ɗalibi amsa ne kafin jarrabawa. Ki raba su, ko ki ƙara wani samfurin da za ki kulle sai ranar gwajin ƙarshe. Kuma ki riƙa leƙa tarin da shirin bai kama ba. Kowa yana duba abin da ya shiga raga, kaɗan ne ke duba abin da ya zille, a can kuwa kalmomin da kika manta suke.

Akwai wani ƙaramin shiri da nake ganin ya fi mai ƙirgar daraja: wanda zai jero miki kowace kalmar jerin da kalma biyar kafinta da biyar bayanta, layi bisa layi. Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ne ya yaɗa wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1950. Minti goma kina kallon "illa" a tsakiyar layi hamsin sun isa ki yanke hukuncin ko za ta zauna a jerin ko a cire ta. Da na yi haka tun farko da karin maganar nan ba ta ruɗe ni ba.

Ƙirgar kanta

Ko jerin ya yi kyau, adadi na iya yaudara. Sharhi 40,000 ba mutum 40,000 ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2019 ya nuna kashi 10 na baligan Amurkawa masu amfani da Twitter su ke rubuta kashi 80 na saƙonnin da rukunin ke fitarwa. Ki ƙirga sau biyu, da yawan sharhi da kuma yawan asusu, ki cire saƙon da aka kwafa aka liƙa sau ɗari, amma ki rubuta nawa kika cire, domin kwafen kansa labari ne. Ki riƙa ba da kaso tare da jimilla, tunda sharhin adawa na iya ninkawa kawai don bidiyon ya samu masu kallo da yawa. Ki tuna kuma masu shafi na goge sharhi, abin da kika tarar ragowar ne. Abin da za ki iya cewa a kundinki shi ne "cikin sharhin da aka tattara", ba "jama'a suna ganin" ba.

Ma'anar kalma kuma tana tafiya da lokaci. Google Flu Trends, da aka ƙaddamar a 2008, ya dogara da jerin kalmomin bincike 45 wajen hasashen yaɗuwar mura a Amurka. Da farko ya burge, amma a lokacin murar 2012 zuwa 2013 hasashensa ya kai wajen ninki biyu na abin da hukumar lafiya ta samu, a 2015 aka daina wallafa shi. Idan sharhinki ya ratsa shekaru, ki gwada jerin a kan kowace shekara daban.

Ƙananan abubuwa biyu da ke cin mutane: ki adana fayil da tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ za su koma tarkace, kuma ki yi hattara da Excel, domin in lamba ta wuce harufa 15 yana mayar da ragowar sifili, lambobin shaidar saƙo kuwa sukan fi haka tsawo. Ki kuma yi wa bayanan ajiya biyu. Twitter ya rufe ƙofar ɗibar bayanai ta kyauta a 2023, Meta mai Facebook ta rufe CrowdTangle, manhajar bibiyar saƙonnin Facebook da Instagram, a watan Agustan 2024, abin da kika tara yau ba lallai ki sake samunsa gobe ba. Sunayen masu sharhi kuwa ki cire su tun yanzu ki sa lambobi. Idan za ki kawo misali a kundin, ki sauya lafazinsa kaɗan ki faɗi cewa kin sauya, domin jimlar da aka kwafa daidai ana iya bin ta a gano mai ita.

To me nake ba ki shawara?

Ki yi amfani da jerin wajen raba batutuwa: illa, haihuwa, addini, halin ma'aikata, rashin zuwa a kan lokaci. A nan yana aiki, kuma yana da falalar da manyan manhajoji ba su da ita, wato kowa na iya buɗe jerin ya ga dalilin da ya sa aka ƙirga sharhi kaza. Matsaya kuwa ki ɗebo samfurin ƙuri'a daga kowane batu ki rarraba da hannu. Sharhi gajeru ne, 1,500 ko 2,000 ba za su gagare ki cikin makonni kaɗan ba, kuma daga su za ki iya ƙiyasta na sauran da kuskuren da aka sani.

Idan kina son matsayar duka 40,000, sharhin da kika rarraba da hannu su ne za a horar da manhaja da su. Akwai tarin AfriSenti na 2023 mai harsunan Afirka 14 har da Hausa, zai taimaka wa abokinki, sai dai yanayin zuciya aka yi wa alama a cikinsa, kuma daga Twitter aka ɗebo shi. Manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fi jeri gane korewa nesa ba kusa ba, amma su ma sai sun bi ta jarrabawar samfurin da kika kulle, kuma ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku kafin ki ɗora musu maganganun mutane.

Duk abin da na faɗa a kan rubutu ne da boko. Saƙon murya, rubutun da ke jikin hoto, da sharhin ajami, shirin zai tsallake su ko kallo ba zai yi ba, don haka ki ƙirga yawansu ki ambata a babin hanyar bincike. A babin nan kuma ki sa jerin kalmomin gaba ɗaya, da ranar da kika rufe shi, da ingancin kamu da faɗin kamu na kowane rukuni. Rukunin da ingancinsa ya yi ƙasa sosai, ki bar adadinsa, ki kawo abin da kika karanta da idonki.